Tsohuwar laftof ɗinka bata mutu ba: ra'ayina kan Debian da fuskar Xfce

Jama'a tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10, wato ofdet ɗin tsaron da ake samu a da ya tsaya, sai dai wanda yayi rajistar ƙarin shekara ɗayan nan da suka bayar zuwa Oktoba 2026. Ita kuma Windows 11 ɗin da ake cewa a koma tana da sharaɗi, sai na'ura mai TPM 2.0, wato wani ɗan ɓangaren tsaro a cikin na'urar, furosesa in na Intel ne daga jen na 8, wato zubi na takwas, zuwa sama. To dan Allah ka shiga Beirut Road a Kano ko duk kasuwar da ake saida laftof 'yan Beljiyom ka duba abinda ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci suke iya saya, EliteBook 840 G3 ce jen na 6, Folio 9470m ce jen na 3, ga ThinkPad T430, ga Latitude E6430, na'urori masu ƙwari waɗanda har yau kibod ɗinsu yafi na wasu sababbin daɗin bugawa, amma a hukumance duk Windows 11 bata san da zamansu ba. Masu gyara suna da dabarar tsallake sharaɗin da manhajar Rufus mai ɗora tsari a filas su ɗora ta haka nan, kuma tana hawa ba ƙarya, amma a kan ram giga 4 da tsohon faifai mai juyawa sai mutum ya kunna kwamfuta ya je yayi alwala ya dawo bata gama shiryawa ba.

Shi yasa nake so in yi magana kan abinda ni nake ɗora wa irin waɗannan na'urorin, Debian, wani nau'in tsarin Linux da yake maye gurbin Windows, da fuskarsa Xfce. Zan faɗi inda ya burge ni da inda yake ba mutum haushi dan duka biyun akwai, kuma wallahi bana so wani ya goge aikinsa saboda nayi ta zuba yabo ban gaya masa gaskiya ba.

Abu na farko da yake ruɗa wanda ya taso a Windows shi ne a can fuskar da kake gani, maɓallin Start da layin ƙasa da tagogi, ita da tsarin abu ɗaya ne baka da zaɓi. A Linux tsarin daban fuska daban. Debian kamar kango ne da aka gama gininsa da rufi da wayarin da famfo, fuskar kuma ita ce fenti da kujeru da labule, kai zaka zaɓi wadda kake so, in ma kaga dama ka zauna haka nan ba fenti, baƙin allo kawai da rubutu, ai da yawa daga sabobin da suke riƙe da shafukan intanet haka suke zaune. Fuskokin suna da yawa, akwai GNOME, akwai KDE Plasma, Cinnamon, MATE, LXQt da ita Xfce ɗin. Debian tsohon hannu ne a harkar, Ian Murdock ne ya fara shi a 1993, kuma ba kamfani ne yake da shi ba, 'yan sa kai ne daga ƙasashe daban-daban suke haɗa shi, shi ne tushen Ubuntu, daga Ubuntu kuma aka samu Linux Mint. Xfce kuma wani Bafaranshe ne Olivier Fourdan ya faro ta a 1996, tambarinta ɗan ɓera ne, kuma abinda aka santa da shi kenan, rashin nauyi. Debian 12 da ya fito a Yunin 2023 yana zuwa da Xfce 4.18, Debian 13 na Agustan 2025 kuma da 4.20. Duka kyauta, ba kirak, ba neman lasin, ba rubutun nan na lungun sikirin mai cewa kayi aktibetin.

Wajen saukewa ne mutum zai fara tunanin datarsa. Akwai ƙaramin fayil da ake kira netinst wanda bai kai giga ɗaya ba, amma kada wannan ya yaudare ka, ƙarami ne saboda sauran kayan a intanet zai ɗebo su lokacin da yake girkawa, in netwok ɗinka na wasa da kai a nan zaka sha wahala. Akwai na DVD da ya doshi giga 4 wanda yake iya girkawa ba intanet, sai kuma na live mai Xfce a ciki, giga 3 zuwa 4, wanda zaka iya kunna kwamfuta daga filas ka gwada komai ba tare da ka taɓa abinda ke cikin faifanka ba. Ni na live ɗin nake ba kowa shawara, ka sauke shi da datar dare sau ɗaya, ka sa a filas da Rufus ko Ventoy, filas ɗin nan ɗaya ya isa ya ɗora wa kwamfutocin unguwa gaba ɗaya. A HP F9 ne yake kawo zaɓin inda za'a tashi, a Dell da Lenovo F12. In ya tashi kada ka yi gaggawar danna girkawa, tsaya ka gwada wayfay, ka kunna sauti, ka gwada maɓallan ƙara haske da rage shi, abinda bai yi aiki a nan ba akwai yiwuwar bayan girkawa ma sai ka bi shi da hannu.

In kuma netinst ko DVD ka ɗauka to akwai wurare biyu da sabon shiga yake faɗawa rami, kuma gaskiya a nan ina ganin laifin yadda aka tsara abin ne. Na farko inda zai tambaye ka fasuwod ɗin root, wato babban mai iko da kwamfutar. Duk wanda yaga an ce sa fasuwod sawa zai yi, to in ka sa, sunanka na yau da kullum ba zai samu ikon sudo ba, wato ikon yin umarni a matsayin root, ka gama girkawa ka zo saka manhaja ta ce baka da izini. In ka bar wurin fayau ba komai ka wuce, shi ne zai ba sunanka ikon kai tsaye. An rubuta wannan bayanin a shafin amma cikin dogon Turanci da ba kowa ke tsayawa karantawa ba. Wanda ya riga ya sa, gyaran ba wuya, ka buɗe Terminal, wato tagar buga umarni, ka buga su - da wannan ɗan layin a gaba, kada ka manta da shi dan in ka buga su kawai zai ce maka bai san usermod ba, sai apt install sudo, apt ɗin shi ne mai saka manhajoji a Debian, sai usermod -aG sudo da sunanka a ƙarshe, ka fita ka sake shiga.

Na biyu shafin zaɓen fuska. Zaka tarar an riga an yi wa GNOME alama, in ka ƙara wa Xfce alama baka cire ta GNOME ba duka biyun zai sauke maka, data ta tafi, wuri ya tafi, menu ya cika da manhajoji biyu-biyu masu aiki iri ɗaya. Kuma in a mai rubutu zalla kake girkawa, da maɓallin tazara ake sa alama ko cirewa, Enter wucewa yake nufi, mutum ya kai kan Xfce ya danna Enter yana zaton ya zaɓa alhali ya wuce da GNOME ɗinsa.

Akwai kuma hanyar da ni na fi jin daɗi, ka cire alamar duk fuskokin ka girka Debian tsura, ya tashi a baƙin allo, sannan ka buga apt install task-xfce-desktop, wannan zai kawo Xfce da shafin shiga na LightDM da Firefox da LibreOffice da abin haɗa wayfay gaba ɗaya. In kana so ka tsuke sosai sai ka ce apt install xfce4 xfce4-goodies, sauran ka riƙa ƙarawa ɗaya bayan ɗaya yadda kake buƙata, amma ka sani a wannan har abin haɗa netwok da burauza kai zaka saka da kanka. Wannan hanyar tana koya wa mutum abinda ke cikin kwamfutarsa fiye da kowace, sai dai tana da nata tarkon. In da wayfay ka girka, bayanin wayfay ɗin yana zama a fayil ɗin /etc/network/interfaces, to da ka hau Xfce sai kaga alamar netwok tana cewa ba ita ke kula da na'urar ba, ba jerin wayfay ba komai, ka ɗauka katin ne ya lalace. Lafiyarsa ƙalau, ka buɗe fayil ɗin ka sa # a gaban layukan wayfay ɗin ka sake kunna kwamfutar. Haka wanda ya girka da na DVD, apt zai yi ta neman faifan da baka da shi har sai ka rufe layin cdrom a /etc/apt/sources.list ka sa na deb.debian.org. In kuma batir ɗin laftof ɗin ya mutu aka ɗauke wuta ana tsakiyar saka kaya, kada ka tsorata, yawanci dpkg --configure -a yana ƙarasa abinda ya tsaya, amma dai gara a fara lokacin da ake da tabbacin wuta.

Yanzu ga inda zan fi sukarta. Ranar farko da Xfce ta Debian ta buɗe a gabanka ba zata burge ka ba, sam. Sanda ɗaya a sama, wata 'yar guntuwa a ƙasa mai aikon kaɗan, launi fari-fari mai toka, aikon ɗin irin na shekarun baya, menu kuma jeri ne kawai ba wurin bincike. Wanda ka yi ta ba labari ka kawo shi ya gani zai ce maka wannan ai ta tsufa. Abin yana min ciwo dan mutane da yawa a nan suke juyawa, alhali abinda ya rage tsakaninsu da fuska mai kyau bai fi aikin rabin awa ba. Debian suna da ra'ayin barin kowace fuska kusan yadda masu ita suka sake ta, basa mata kwalliya, na fahimci dalilin amma sabon shiga ne yake biyan kuɗin.

Ga yadda nake mata. Ƙaramar sandar ƙasa in goge ta, ta saman in cire mata kulle a Panel Preferences in jawo ta ƙasa, in cire tsohon menu in sa Whisker Menu wanda yake cikin xfce4-goodies, shi yana da wurin bincike da jerin waɗanda ka fi amfani da su, kusan irin Start ɗin Windows 7 da mutanenmu suka saba da shi. Sai in je setin ɗin kibod in ɗaura umarnin xfce4-popup-whiskermenu a maɓallin nan mai tambarin Windows. Sai arc-theme da papirus-icon-theme, guda biyun nan kawai suna canza kamanninta gaba ɗaya. Abinda nake so a nan shi ne komai da linzami ake yi, danna dama ka zaɓa, ba sai ka sauke wani ƙarin abu daga wani shafi ba kafin a barka ka matsar da agogo daga wannan lungun zuwa wancan. Kuma in ka gyara ta yau haka zaka same ta baɗi, ba wanda zai zo da ofdet ya canza maka wurin maɓalli. Masu Xfce basa gaggawa, 4.16 ta fito Disambar 2020, 4.18 Disambar 2022, 4.20 Disambar 2024, duk shekara biyu, kuma wanda ya iya waccan ya iya wannan.

Sauran ƙananan abubuwan da ya kamata ace sun zo a gyare: taɓa wurin linzamin laftof da yatsa baya dannawa sai ka kunna shi a setin ɗin Mouse and Touchpad, bulutut sai ka saka blueman, shafin shiga kuma baya nuna sunanka sai ka rubuta shi da hannu kullum, wai dan tsaro, wanda a ofis yana da ma'ana amma a laftof ɗin mutum ɗaya takura ce. A /etc/lightdm/lightdm.conf akwai layin da aka rubuta #greeter-hide-users=false, ka cire # ɗin shikenan.

To bayan duk wannan me aka samu? Sauri malam. A kan laftof mai ram giga 4 in ta gama tashi baka buɗe komai ba abinda take ci bai kai giga ɗaya ba, sauran duk naka ne, fanka tayi shiru, ƙasan laftof ɗin baya ƙona cinya, ka danna folda ta buɗe a take. Ba wani abu da yake gudana a ɓoye yana cinye faifai ɗari bisa ɗari kana kallo baka san menene ba. GNOME tana da kyau ba musu, KDE ma yanzu ta rage nauyi sosai, amma a kan na'urar jen na 3 mai tsohon faifai bambancin a hannu ake jinsa. Sai dai in faɗi gaskiya, Xfce bata yin sihiri, burauza ita ce mai cin ram, in ka buɗe shafuka goma sha a Chrome ga YouTube ga WhatsApp Web giga 4 zai cika ko wace fuska ce a ƙasa. Abinda yake taimakawa shi ne zram-tools, yana matse abinda ke cikin ram maimakon ya zubar da shi kan faifai mai jan ƙafa, sai kuma tlp dan batir. Wanda kuma yake da halin sayen ƙaramin SSD ko mai giga 128 ne ya saka, wannan haɗin da Xfce sai ka rantse sabuwar kwamfuta ce.

Thunar, wato mai buɗe folda, yana cikin abubuwan da na fi so. Tun 4.18 in ka danna F3 yana raba taga biyu, filas a hagu faifanka a dama kayi ta jan fayil, yana da komawa baya in ka matsar da abu bisa kuskure, yana canza sunan hotuna ɗari a lokaci ɗaya. Ƙwayoyin cutar filas ɗin nan masu ɓoye folda su maida ta shotkot, da ake kwasowa a shagunan firintin, a nan basa tashi dan na Windows ne, kana ganinsu a fili ka goge, ka ciro fayilolin da suka ɓoye. Waya Android in ka jona ta da kebul tana fitowa, in bata fito ba gvfs-backends ne babu.

Maganar data kuma ita ce inda Debian ya fi dacewa da mu. Ba ya sauke komai a bayan idonka in ba kai ka saita shi haka ba, ba ranar da zaka jona hotspot dan tura saƙo ɗaya ka tarar giga ta tafi, ba ranar da zaka zo kashe kwamfuta ana jiranka ta ce ka dakata tana ofdet. Kai zaka buga apt update da apt upgrade lokacin da ka shirya, kuma kafin ya fara zai gaya maka mega nawa zai sauke ya tambaye ka ka yarda ko a'a. Wannan mutunta mai kwamfuta ne, kuma ga wanda yake sayen data da lissafi ba ƙaramin abu bane. Amma fa ka riƙa yi, musamman na burauza, dan barin ofdet ɗin tsaro wata da watanni shi ne komawa matsalar da aka gudo daga gare ta.

Ga masu rubutu da Hausa akwai abin farin ciki. A setin ɗin kibod, ɓangaren Layout, in ka cire alamar bin na tsarin ka danna Add, ƙarƙashin Ingilishin Najeriya akwai kibod ɗin Hausa, akwai ma wani na Hausar Gana ƙarƙashin na Gana, ba sai ka sauke komai ba da su tsarin yake zuwa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ duk suna fita a kowace manhaja. Ka ƙara ɗan aikon canza kibod a sanda dan ka riƙa juyawa tsakanin Hausa da Turanci ko Larabci. Abu ɗaya da zaka lura a na Najeriya, Shift da 4 alamar ₦ yake bayarwa, $ ta koma Alt na dama da 4, yana da daɗi wajen rubuta kuɗi amma in kana buga umarni sai ka tuna. Salon rubutun DejaVu da Noto duk suna da haruffanmu masu lanƙwasa, ba irin abin nan da ƙ zata fito da wata kama daban a tsakiyar kalma ba. Har ajami ba'a bari ba, akwai fonts-sil-alkalami, salon da aka zana a kan rubutun Kano irin na allo da Alƙur'anan hannu, da fonts-sil-harmattan, umarni ɗaya ya saka su, LibreOffice kuma tana rubutu daga dama zuwa hagu lafiya lau in ka kunna mata. Malaman Islamiyya da masu buga littattafan ajami ya kamata su san da wannan. Inda aka gaza shi ne shi kansa mai girkawar babu Hausa a jerin harsunansa, da Turanci zaka bi ko Faransanci ga 'yan uwa na Nijar ko Larabci, wannan kuma aikin sa kai ne da yake jiran mu, ba wanda zai zo daga waje ya fassara mana.

Wayfay a da shi ne babban ciwon kan Debian dan basa saka direbobin da ba buɗaɗɗu ba a cikin fayil ɗin girkawa, amma bayan ƙuri'ar da suka yi a 2022, daga Debian 12 ana haɗa su ciki, katin Intel da yawancin na Realtek suna tashi da kansu. Wanda ya rage mai taurin kai shi ne wasu katunan Broadcom da ke cikin tsofaffin laftof, su sai ka buɗe sassan rumbun manhajojin Debian da ake kira contrib da non-free ka saka firmware-b43-installer ko broadcom-sta-dkms gwargwadon katin, kuma saka su yana buƙatar intanet ɗin da baka da shi. Mafita ita ce waya, ka jona ta da kebul ka kunna USB tethering, wannan yana aiki nan take ba direba. Firinta kuma na HP sun fi sauƙi saboda hplip, direbansu na Linux, sauran ka bincika sunan taka kafin ka goge Windows, musamman in da ita kake cin abinci.

LibreOffice tana buɗe fayilolin Word da Excel tana kuma ajiyewa a docx, wasiƙa, asaimen, lissafin shago, duk ba matsala. Inda ake samun tangarɗa shi ne furojet mai tebura da yawa da lambobin shafi iri-iri, ka tsara shi tsaf a nan a buɗe a Word ya ɗan goce. Rabin matsalar daga salon rubutu ne, ka saka fonts-liberation da yake daidai da faɗin Times New Roman da Arial, da fonts-crosextra-carlito madadin Calibri, da fonts-crosextra-caladea madadin Cambria, layuka zasu daina tsalle. In kuma firintin zaka kai shago ka maida shi PDF tun daga gida, ba abinda zai motsa. Chrome da Zoom suna da nasu fayil ɗin deb, wato fayil ɗin saka manhaja a Debian, Telegram da VLC suna aiki, WhatsApp ta burauza ne.

Wanda bazan ce ya koma ba shi ne mai bizines senta ko mai zanen katin biki da fosta wanda CorelDraw da Photoshop ne jarinsa, da ɗalibin injiniya ko zanen gini mai AutoCAD. Waɗannan basu da na Linux. Eh akwai Inkscape akwai GIMP kuma suna aiki sosai, amma kwastoma zai zo da fayil ɗin cdr na CorelDraw yana tsaye a kanka, gidan buga bana ma cdr zasu nema, ba lokacin koyon sabuwar manhaja bane. Duk wanda ya ce maka Wine, manhajar kunna kayan Windows a Linux, zai magance wannan gaba ɗaya bai zauna a shago ba. Irin waɗannan su bar Windows a kwamfutar aiki, in suna da ta biyu su gwada a can. Mai son duka biyun a na'ura ɗaya yana yiwuwa, sai dai zai ga agogo yana gocewa da awa ɗaya duk sanda ya sauya, saboda Linux yana ajiye agogon na'ura a lokacin duniya na UTC, Windows kuma a lokacin gida, mu kuma Najeriya da Nijar muna gaba da awa ɗaya, timedatectl set-local-rtc 1 yana daidaita su.

Sai a san cewa manhajojin Debian basa bin yayi, abinda ya fito da shi kusan shi zaka riƙe har fitowa ta gaba, gyaran tsaro kawai ake turowa, Firefox ɗinsa ma na ESR ne mai tafiya a hankali. Ni wannan shi nake nema, kwamfutar da zan kunna gobe in same ta yadda na barta, kuma kowace fitowa ana kula da ita kusan shekara biyar in an haɗa da na dogon zango. Ita ma Xfce har yanzu a kan tsohon tsarin nuni na X11 take, GNOME da KDE sun koma Wayland, a 4.20 an fara gwaji amma bai nuna ba. A sikirin ɗin 1366x768 na tsofaffin laftof wannan ba abinda zai dame ka, amma mai sabuwar na'ura da sikirin mai tsananin kaifi zai ga rubutu ƙanana kuma daidaita girman bai kai na waɗancan sauƙi ba, shi KDE ta fi masa.

In ƙanina ne ko wata 'yar uwa da bata taɓa ganin Linux ba kuma bana kusa da zan taimaka, Linux Mint mai Xfce zan ce su ɗauka, fuskar ɗaya ce amma an riga an yi mata duk gyaran da na lissafa a sama, sanda a ƙasa, Whisker a wurinsa, ga manhajar direbobi da ta ofdet da linzami kawai, Mint 22 kuma ana kula da shi har 2029. MX Linux ma haka, shi a kan Debian ɗin kai tsaye aka gina shi. Debian da hannunka na wanda yake so ya san abinda ke gudana ne, ɗalibin kwamfuta, mai gyara, malamin da aka ba ɗakin kwamfutocin makaranta ya farfaɗo da su, ko duk wanda zai iya ba shi yamma ɗaya ba tare da ya ƙosa ba. A wajena in maki ne takwas cikin goma, biyun da na cire na munin ranar farko ne da waɗancan ramukan na wajen girkawa da ba dole sai sun kasance ba.

Kafin ka fara ka kwashe hotuna da takardunka zuwa wani wuri, dan zaɓin amfani da faifai gaba ɗaya yana share komai ne ba tambaya ta biyu bayan ka amince. Kuma ka duba furosesan, in irin tsofaffin nan ne sosai masu 32-bit kawai kamar ƙananan netbuk na farko-farko, Debian 13 ya daina fitar musu da mai girkawa, Debian 12 zaka nema, shi ana kula da shi har tsakiyar 2028.